Dogon Ɗakin Hoto, Ka Bar Ni da Tsorona

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran ma'aikacin ɗakin hoto na babban asibitinmu, wanda marasa lafiya da nas-nas da likitoci duk suka fi sani da Dogo. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Ni ban ji a ranar ba. Ba danginsa ba ne ni, ba kuma abokin aikinsa ba. Tela ne, ɗaya daga cikin ɗimbin mutanen da suka taɓa kwanciya a gabansa, don haka babu wanda ya ga dalilin neman lambata. Sai da aka kwana biyu da binne shi na je asibiti karɓar sakamakon gwajin jinina, na ce bari in gangara ƙasan bene in gaishe shi kamar yadda na saba. Na ƙwanƙwasa ƙofar, wata matashiya cikin farar riga ta buɗe. Na ce Dogo nake nema. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, "Baba, ba ka ji ba?" Na zauna a bencin da masu jiran layi suke zama, mutane suna ta wucewa ta gabana kamar ba abin da ya faru.

Dogo, bari in faɗa maka gaskiya tun daga farko, tunda kai ba ka son kwana-kwana. Abin da ya fara zuwa min a kan bencin nan ba tausayin matarka ba ne, ba kuma na 'ya'yanka ba. Tsoro ne. Na gangaro ne in gaya maka likita ya ga wani abu ya ɗaga a gwajin jinina, ya ce ba zai jira lokacin da muka saba ba, a sake min hoto da ruwan allura cikin satin da ke tafe. Na zo in roƙe ka ka tabbata kai ne a bakin aiki ranar, don ban taɓa shiga ɗakin nan ba kai ba, ban kuma san yadda ake yi ba.

Ga wanda Allah bai taɓa kai shi wurin ba, na'urar wani ƙaton zobe ce a tsaye, da siririn gado mai shigar da mutum ciki ya fito da shi. Si-Ti ake ce mata. Tana ɗaukar hoton cikin mutum yanka-yanka ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba. Amma hanji da hanta da jijiyoyi, in aka ɗauke su haka kawai, kusan launi ɗaya suke fitowa. Shi ya sa ake tura wa mutum wani ruwa mai aidin ta jijiyar hannu, ya bi jini ya haska hanyoyinsa, har abin da ya ɓuya ya fito fili. Mu marasa lafiya ruwan hoto muke ce masa, kuma a gidanmu ba a ambatonsa sai an nemi tsari.

Dalili shi ne wana, wanda nake bi. Ya daɗe yana fama da ciki yana ɓoyewa, lokacin da muka kai shi asibiti ya riga ya zama ƙashi da fata. Aka tura masa ruwan, aka ɗauki hoton, bai daɗe ba ya rasu. Likitoci sun ce ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa, hoton bai yi komai ba sai nuna abin da ya daɗe a wurin. Mu ba mu ji wannan ba. Abin da muka gani shi ne ya shiga ɗakin yana magana da mu, bayan 'yan kwanaki muka ɗauko gawarsa. Yayarmu babba, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta yanke hukunci a gaban kowa cewa ruwan nan ne ya kashe shi. Babu wanda ya musa mata, har 'ya'yanmu suka tashi da sanin haka.

Shekaru suka ja, sai ni ma cikina ya fara. Na ga jini inda bai kamata in gani ba, na rame har wandunan da na ɗinka wa kaina suka fara zamewa. Likita ya duba ni ya ce akwai ƙari a hanjina, kuma ba zai yi aiki ba sai ya ga girmansa da inda ya kai. Ya rubuta hoto da ruwan allura. Ban gaya wa Yaya ba. Na je ranar da aka sa min, da yunwata kamar yadda aka umarta, matata tana biye da ni.

A ranar na fara ganinka. Ka fito kiran mai layi, sai da ka sunkuya a ƙofa, tabarau a goshi kana nemansa a aljihu. Ka tambaye ni ko ina da ciwon sukari ko asma, ko wani magani ya taɓa yi min bori, ka duba gwajin ƙodata ka ce ta yi kyau. Duk na amsa kamar namiji. Amma da ka ɗaure min dantse da roba don jijiya ta fito, na hango kwalbar ruwan a cikin ɗan akwatin da kuke ɗumama ta, sai fuskar wana ta tsaya min a ido. Na ce zan zaga. Na bi ta ƙofar baya, na wuce masu gadi, ban tsaya ba sai shago, a nan ma na lura robarka tana nan a dantsena. Matata tana can a benci riƙe da hulata, har ka fito ka gaya mata mijinta ya yi gaba.

Wani ma'aikacin da sai ya kira na gaba a layi ya manta da ni, kuma babu mai ganin laifinsa. Kai kuwa washegari da la'asar ina kan keke sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Na ɗaga kai na gan ka da yadi a hammata. Ka yi sallama, ka ce abu biyu suka kawo ka, robarka da na gudu da ita, da riga da kake so a ɗinka maka, don matata ta ce babu wanda ya kai ni iya wuyan riga. Kunya ta sa na rasa inda zan sa fuskata. Na ɗauko tef zan auna ka, sai ka ja da baya.

"A'a, tela, ni tsoron tef nake," ka ce. "Ka dai dube ni ka yanka."

Na ce ai yadin zai lalace, ba a sa almakashi sai an auna.

"To kai don me kake so likita ya yanka ka ba awo? Yadi ya fi cikinka daraja ne?"

Ka jawo kujerar masu jiran ɗinki ka zauna, gwiwoyinka sun kusa kai haɓarka, ka ce ba ka taɓa ganin mutumin da ke wuni da allura a hannu, wata a baki, ya ga ta asibiti ya ari ta kare ba. Sai na ba ka labarin wana. A nan dariya ta bar fuskarka. Abin da ya sa na yarda da kai shi ne ba ka ce min ruwan ba shi da haɗari ba. Da ka faɗi haka, da ban sake sauraronka ba. Ka ce akwai wanda jikinsa ba ya son sa, kaɗan ne amma akwai, shi ya sa akwatin magunguna yake rataye a bangon ɗakin, likita kuma yana kusa. Ka ce akwai wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfin wanke shi, shi ya sa ake gwada jini tukun. Sannan ka yi wa wana addu'a, ka ce ba zuwa ɗakin hoto ne ya ci shi ba, jinkirin zuwa ne. Ka tsaya na auna ka, ka karɓi robarka, ka ce kana jirana.

Na koma. Ba don tsoron ya tafi ba, sai don kunyar idonka. Ɗakin sanyi gare shi ƙwarai, ka ce ba don mu ake sanyaya shi ba, don na'urar ne, ita ce 'yar gatan. Ka ɗauko bargo daga bayan kujerarka ka rufe min ƙafafu. Ka sa min kanula, 'yar robar nan da ake sokawa a bari a jijiya, ka haɗa ta da siririn bututun da ke zuwa daga injin tura ruwa, ka ɗaga hannuwana sama da kaina. Sannan ka gaya min duk abin da zai faru kafin ya faru, wanda daga baya na gane haka kake yi wa kowa, babba da yaro, ba ka gajiya.

"Zafi zai taso maka daga maƙogwaro ya gangara ƙasa," ka ce. "Bakinka zai yi ɗanɗanon ƙarfe. Sannan za ka rantse ka yi fitsari a wando. Ba ka yi ba. Ko liman na kwantar a nan haka yake ji, sai dai bai faɗa ba."

Akwai wani abu a aikinka da na fi tunawa. Injin nan da ƙarfi yake tura ruwan, in kanula ta goce daga jijiya sai ya taru a ƙarƙashin fata ya kumbura hannu. Don haka ba ka fita da wuri. Kana tsaye a kaina, yatsunka a kan jijiyar, har ka ji ruwan ya kama hanya, sannan ka ɗauke hannu ka yi sauri ka shige bayan gilashi kafin hasken na'urar ya fara, tunda ku bai kamata ya riƙa dukanku kullum ba. A wurinka wannan aiki ne kawai. A wurina kuwa, lokacin da yatsun nan suka bar hannuna, ƙofa ta rufe, gadon ya fara ja na cikin zoben, wani abu yana juyawa a ciki yana ƙara gudu, zafin ya taso kamar yadda ka faɗa, ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Na yi kalmar shahada. Sai muryarka ta fito ta lasifika, ta ce in ja numfashi in riƙe. Na'urar tana da tata muryar da aka naɗa, amma kai kashe ta kake yi, ka ce mai tsoro ba ya bin umarnin wanda bai taɓa gani ba. Na riƙe, ka ce in saki, gadon ya fito da ni. Abu na farko da na yi shi ne shafa wandona.

Ba ka sallame ni nan take ba. Ka zaunar da ni inda kake hango ni, kanula tana hannuna, ka ce in ɗan jira. Kana shirya wata tsohuwa ne ka waiwayo ka ga ina susar wuya, tun ban san ina yi ba. Kafin ka ƙaraso borin jini ya feso min a ƙirji da fuska, maƙogwarona ya fara matsewa, iska tana shiga da kyar. Na ce shi ke nan, Yaya ta yi gaskiya, ga ni zan bi wana ta ƙofar da ya bi, kuma ko sallama ban yi da ita ba. Ban ga ka ruɗe ba. Ka danna ƙararrawa, ka kwantar da ni, likita ya shigo da gudu, akwatin bango ya buɗe, allura ta shiga. Kana ta kiran "tela, dube ni" har iska ta fara wucewa. Ranar a asibiti na wuni, kai kuma kana leƙowa tsakanin mai hoto da mai hoto.

Da na dawo hayyacina na ce maka ka gani ko. Ka ce ka gani, jikina yana cikin waɗanda ba sa so, kuma gara da aka sani a inda ake da magani. Hoton ya nuna ƙarin bai kai hanta ba. Aka yi min aiki aka cire shi. Amma irin ciwon nan ba a juya masa baya, sai an riƙa leƙawa ko ya dawo, don haka duk bayan wasu watanni sai in koma ɗakinka. Likita ya sa min ƙwayoyin da zan riƙa sha kafin ranar don su kwantar da borin, kai kuma ka sauya min irin ruwan. Bai sake shaƙe ni ba. Duk da haka wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban taɓa kwanciya a gadon nan ban tuna yadda iska ta ƙi shiga ba.

A shekarun nan na ga halinka da kyau, don mai jiran layi ba shi da aiki sai kallo. Kai ka ba ni shawarar in ɗinka wa kaina wando mai mazagi, ba zif ba maɓallin ƙarfe, don kada in riƙa sa rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya da na tsana. Na ga ka durƙusa kana cire wa wani dattijo takalmi saboda 'ya'yansa sun tsaya suna danna waya. Na ga wata mata da ta ƙi shiga sai da 'yarta, ka sa wa 'yar rigar kariya mai nauyi ka bar ta a ciki. Duk wanda ya fito sai ka bi shi har ƙofa da gargaɗin ya sha ruwa da yawa don ƙoda ta wanke, kamar kai za ka yi masa fitsarin. Ni kuwa har ka san jijiyar da ta fi ba ka haɗin kai, ka ce ta hagu mutuniyarka ce, ta dama munafuka.

Abu ɗaya ne ka hana ni, duk shaƙuwarmu. Kai ne kake fara ganin hoton a kan allonka tun ina kwance, amma ba ka taɓa gaya min abin da ka gani ba. Ka ce naka ɗauka ne, karatu na likita ne. Na gwada roƙo, na gwada fushi, na gwada leƙen fuskarka ta gilashi. Fuska ɗaya kake fitowa da ita ga kowa, da wanda ka ga alheri a cikinsa da wanda ka ga akasinsa. A lokacin haushi nake ji. Yanzu nake tunanin irin nauyin da kake komawa gida da shi kullum, kana sanin abin da mutum bai sani ba game da kansa, kana yi masa barkwanci a bakin ƙofa.

Da na tashi daga bencin nan ranar da na ji rasuwarka, na koma gida da shawara a raina. Na ce ba zan shiga ba. Wa zai lura da susar wuyana tun ban sani ba? Yarinyar da ta buɗe min ƙofa sa'ar 'yata ce. Na gaya wa Yaya, ta ce alhamdu lillahi, dama ita tun ranar da aka ce ya shaƙe ni ba ta sake barci mai daɗi ba, Allah ne ya raba ni da wurin. Matata kuwa sai ta ajiye ƙwayoyin a kan keken ɗinkina, inda ba yadda zan yi in ƙi ganinsu. Na yi ta ɗinki ina warwarewa. In na kwanta sai in danna cikina ina neman abin da ya ɗaga, in na ji wani tauri sai gumi ya keto min, in ban ji ba sai in ce to ai lafiya lau nake. Tsoron ruwan yana ja na nan, tsoron ciwon yana ja na can, kuma na ruwan ne yake rinjaye.

A cikin wannan hali na nemi gidanka na je gaisuwa, ni da matata. Matarka ta karɓe mu a falo. Ban gama gabatar da kaina ba ta ce, "Kai ne telan da ya gudu da roba." Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na yi mata ta'aziyya, na faɗi alherin da ka yi min. Sai bakina ya suɓuce, na ce an sa min ranar hoto amma na fasa, tunda mai ɗaukar hoton ya tafi. Na faɗa ne a matsayin yabo, don ta san girmanka a wurina. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce wa 'yarku ta ba mu wuri.

Abin da ta gaya min, ita ta ce in rubuta, ko wani zai ji. Tun bara kake fama da ciwon baya. Wani abokin aikinka ya matsa maka ya duba cikinka da ƙaramar na'ura, ya ga babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ta kumbura a wuri guda. Likita ya rubuta maka hoton nan dai, da ruwan nan dai, a ɗakin nan naka, don a auna kumburin a san yadda za a gyara kafin ya fashe. Ka ce gobe. Goben ta zo ka ce layi ya yi yawa, akwai waɗanda suka fi ka buƙata. Wata rana ka ce na'urar tana son gyara. Ta yi kuka, ta haɗa ka da yayanka, ka ce ka ji. Sai da ta ƙure ka sannan ka faɗa mata gaskiya.

"Ya ce min, 'Su suna kwanciya ba su san abin da ake gani ba. Ni ina tashi zan leƙa allon, kuma na iya karatu.' Malam, tsoro yake ji. Mutumin da ya kwantar da garin nan kaf, tsoro yake ji."

Ranar Talatar kana ɗaura igiyar takalmi za ka tafi aiki, ka ce bayanka, ka kife. Jijiyar ce ta fashe. An kai ka asibitin da rai, amma ba a kai ga komai ba.

Matarka ta share ido, ta dubi matata, sannan ta dube ni. "Kar ka yi wa baiwar Allah nan abin da ya yi min," ta ce. "Ka je ka kwanta. In ka fito ka sanar da ni. Ina so in ji wani ya shiga saboda shi."

Dogo, ban san yadda na fito daga gidanka ba. Ana cewa wanzami ba ya son jarfa, da wasa ake faɗa, ban san har kabari take kai mutum ba. Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Na so in gan ka ko sau ɗaya in mayar maka da maganganunka. Kwana ya ƙare, na sani, kuma babu hoton da ke ƙara wa mutum numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Amma da ka gaya min, ai da na rufe shago na zo na tsaya a kanka. Ban iya komai na aikinku ba, amma na iya tsoro, na san hanyoyinsa, da mun yi shi tare. Daga baya haushin ya sauka, wani abu ya hau wurinsa da ya fi shi nauyi. Hotona na ƙarshe da ka ɗauka, da kumburin nan a cikinka ka ɗauke shi. Kana lallashina in shiga, kana jin abin da nake ji, ba ka da wanda zai lallashe ka.

Kuma na ƙara jin tsoro, ba raguwa ya yi ba. In kai da ka san na'urar ciki da waje ta gagare ka, ina ga ni? Amma a hanyar komawa gida na dubi matata tana tafiya a gefena, na tuna fuskar taka matar a falon nan, na ga abin da nake shirin bari a gidana. Ranar da ta kamata na sha ƙwayoyin. Yaya ta zo har shago ta yi min faɗa, ta yi kuka, ta ce uwa ɗaya ta haife mu uku, ba za ta binne biyu ta hanya ɗaya ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce ta yi min addu'a. Ta juya ta tafi, amma da safen ranar na tarar da ita a bakin asibiti, ta riga mu zuwa.

Matashiyar nan ta san aikinta, ba ni da abin faɗa a kanta. Na gaya mata ruwan ya taɓa shaƙe ni, ta ce ta sani, likita ma yana ɗakin da ke kusa. Na kwanta, sai da ta jira na ɗan natsu. Babu wanda ya cire min tsoron. Da shi na shiga, da shi na riƙe numfashi, da shi na fito. Maƙogwarona bai matse ba. Ta zaunar da ni na jira, ta cire kanula, ta ce likita zai kira ni in an karanta.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san yawan waɗanda ya kwantar wa hankali, ka san abin da ya ɓoye a ransa yana yi musu murmushi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, kada ka kama shi da raunin da ka halicce mu da shi. Ka amintar da shi daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa, ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi, ka sa aljanna ce makomarsa. Ka haɗa da wana, da iyayenmu, da duk waɗanda suka riga mu. Mu kuma da muke kan layi, ka sa mu cika da kyau da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Allah ya albarkaci bayansa, ya zama gatanku. Ga yayansa da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ga abokan aikinsa na ƙasan bene, da dukan marasa lafiyar da za su ƙwanƙwasa ƙofar nan su ji abin da na ji, Allah ya ba mu dangana.

Ke kuma uwargidansa, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya saka miki da abin da kika yi wa gidana a ranar da ke ce mai buƙatar lallashi. Kin ce in na fito in sanar da ke. Na shiga. Likita bai kira ba tukuna, duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, kuma ban san abin da zai ce ba. Amma na shiga, kuma saboda shi ne.